Ɗaya Goma Sha Bakwai na Mushe Jibo

Duk wanda ya taɓa bin layin bayan masallacin Malam Zakariya'u a unguwar Zariya, nan Maraɗi, ya san itacen bedi, wato darbejiya, da ke ƙofar gidan Mushe Jibo. Ya kuma san dattijon da ke durƙushe a gindinsa kullum, yana zane a rairayi da guntun kara. Abin da mutane ba su sani ba shi ne mene ne yake zanawa. Kuma wallahi ba don bai faɗa ba. Ya faɗa har bakinsa ya gaji.

Shi Jibo ɗan Jiratawa ne, ɗan manomin zogale da tattasai. Shekarar da aka zo ɗibar yara lakwal, wato makarantar boko, ubansa ya ɓoye ƙarfafan 'ya'yansa a garka cikin kayan lambu, ya miƙa wannan siririn da ko guga ba ya iya ja. Siririn ya yi karatu ya zama malamin lissafi, aka riƙa ce masa Mushe, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci. Ya koyar a kwalejin Jiratawa, aka kai shi Tsibiri, daga baya aka dawo da shi Maraɗi, shekara talatin da 'yan kai alli bai bar yatsunsa ba. Cikin ɗalibansa yau akwai 'yan duwan, wato kwastan, akwai manyan 'yan kasuwar Sabon Gari, kuma kowannensu in ka ambaci Mushe Jibo sai ya yi dariya ya sosa ƙeya. Mutum ne da ko ka kawo masa amsa daidai, in bai ga hanyar da ka bi ba, sifiri zai zana maka, ya ƙawata shi. Yakan ce, “Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni gudun nike son gani.”

A wurinsa lambobi iri biyu ne. Akwai mai rabuwa, kamar goma sha biyu, wadda za ka kasa uku ko huɗu daidai babu saura. Akwai kuma mai taurin kai, kamar bakwai ko goma sha uku, wadda ko ta ina ka ɓullo mata sai ta bar maka saura. Irin wannan tana da sunanta na Faransanci a aji, amma shi ya raɗa mata Gagara-rabo, kuma ita ya fi so.

Masifar ta same shi ne wata shekara da malamai suka daɗe suna yajin aiki. Zaman banza ya ishe shi, ya ɗauki alli ya shiga wasa da ɗaya a jikin ƙyauren gidansa. Ɗaya biyu a jere, goma sha ɗaya, Gagara-rabo ce. Ɗaya uku a jere ta rabu da uku. Ɗaya biyar ta ɗan yi gardama, sannan ta sallama wa arba'in da ɗaya. Ɗaya bakwai ta ja shi har ɗari biyu da talatin da tara. Ɗaya goma sha ɗaya ta cinye masa ragowar yajin, ya kayar da ita a dubu ashirin da ɗaya da ɗari shida da arba'in da tara, ranar har tuwo ya ƙara. Ɗaya goma sha uku ba ta ba shi wuya ba, ta faɗi a hamsin da uku. Sai ya iso ɗaya goma sha bakwai a jere.

Lamba ce da ko faɗarta aiki ne, don ta haura miliyar, wato biliyan, sau miliyan goma sha ɗaya. Mushe ya kewaye ta kamar mai tayin bijimi a kasuwa. Mara ce, ba cika ba, saboda haka biyu ba ta da rabo a cikinta. Uku ba ta shiga, biyar ba ta shiga, goma sha ɗaya ma haka. Ka karanta ta daga dama ko daga hagu, ita ce dai. Ba kuma wata lamba da za ka ninka da kanta ta haife ta. Duk wannan ya san shi kafin a kira la'asar. Tambaya guda ta rage: tana rabuwa, ko Gagara-rabo ce?

Akwai wani tsohon ilmi da ya rage masa hanya. Duk lambar da za ta iya raba wannan, dole in ka cire mata ɗaya ta rabu da talatin da huɗu. Sai ya jera irinsu a kansa, ya fara da ɗari da uku. Ya raba, saura. Ya ɗauki ta gaba, saura. Aka koma aji, yana yi bayan an tashi. Ya aje aiki, ya mayar da abin safe da yamma. Inda ya tsaya kullum yakan rubuta da alli a saman ƙyaure, gobe ya goge ya rubuta na gaba. Haka ya shafe shekara goma sha uku yana jiran ranar da rabawa za ta ƙare babu saura.

Kada ka ce bai san akwai na'ura ba. Ya sani sarai. Ya san salular da ke aljihun ɗan kabu-kabu ma za ta iya tono amsar kafin ya gama gyara zama. Shi ya sa ya tara iyalinsa ya kafa doka: wanda duk ya nemo, ya riƙe abinsa, kada ya kuskura ya faɗa masa. Matarsa Tsahara ta ce ita ko an biya ta ba ta nema. 'Ya'yan suka yi dariya suka ce sun ji.

Da a takarda yake yi. Da yanar ido ta fara rufe masa gani, ƙananan lambobi suka riƙa narkewa suna haɗewa, sai ya fito gindin bedi inda rairayi yake kyauta, ya riƙa zana su manya-manya kamar tafin hannu. Nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Ka ga dai dattijo mai furfura, durƙushe, yana jera ƙananan sanduna a ƙasa, yana motsa baki, ya girgiza kai, ya shafe da tafin hannu, ya sake. A ƙasar nan wannan hoton sunansa guda ne. Bugun ƙasa.

Wadda ta fara zuwa wata tsohuwa ce, Larai, daga wani ƙauye bayan Tsibiri. Ta kawo gero kasuwa, ta biyo layin, ta gan shi, ta tuɓe takalmi ta zauna. Ta ce tunkiyarta mai ciki ta ɓace, a duba mata.

Mushe ya ce, “Iya, ni malamin lakwal ne. Lissahi nike. Ban san inda tunkiyarki take ba, ban ma san inda tawa hular take ba wani lokacin. Tahi gida ki tambayi makiyaya.”

Larai ta tafi gida ta tambayi makiyaya, ga tunkiya har da 'ya'ya biyu. Ran kasuwa ta dawo da zakara a hammata da mata uku a bayanta. Mushe ya rantse, ya maimaita, ya ce shi bai duba komai ba. Larai ta juya ta dubi matan ta ce, “Kun ji ko? Na gaskiya ba shi tallar kainai.” Wato musun ma ya zama shaida. Zakaran kuwa, kafin Mushe ya gama faɗa, Tsahara ta leƙo ta karɓe shi ta ce ba a mayar da hannun kyauta baya. Ya ci miyar da daddare bai san ta zakaran ba ce, sai da aka kwashe kwanuka aka gaya masa.

Daga nan ƙofar gidan ta zama tasha. Mai neman haihuwa, mai ɗa a wurin haƙar zinariya da ya daina kira, mai son sanin ko ya shuka a ruwan farko ko ya dakata. Waɗanda suka fi ƙona masa rai masu cacar dawaki ne. Su ba sa ko gaisuwa. Sai su tsaya a bayansa da guntuwar takarda suna kwafar saurar da ta fito masa, su ruga su buga. In sun faɗi su dawo su ce tsohon nan ya fara ruɗewa. Sau nawa yana tsakiyar rabawa, ya riƙe lamba a ka, wata za ta yi sallama ta zubar masa da ita, sai ya koma farko. Ya gwada komawa cikin gida, zafi da duhun zaure suka koro shi. Ya rubuta a bango da manyan baƙaƙe cewa nan ba a duba. Masu zuwan ba su iya karatu ba, waɗanda suka iya kuma suka ce dabara ce don 'yan sanda.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne na Malam Zakariya'u. Tare suka tsufa a layin nan, tare suke shan shayi bayan azahar. Wata Juma'a da yamma Malam ya yi wa'azi a kan masu duba da masu zuwa wurinsu. Bai kama suna ba, amma rabin sahu ya waiwayo. Mushe ya jira aka watse, ya kamo hannunsa ya kawo shi gindin bedi, ya zana masa ɗayan nan goma sha bakwai, ya yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda bai taɓa yi wa ɗan aji ba. Malam ya saurara da haƙuri, don mutumin kirki ne. Ya yarda babu aljani a ciki. Sannan ya shafa gemu ya ce, “To Mushe, na ji. In ka samo lambar da ka raba ta, mi za ta yi maka?”

Mushe ya sunkuya ya dubi zanensa. Tambayar kenan da Tsahara take yi masa, da surukansa, da tsoffin ɗalibansa masu motoci. Ba ta magani, ba ta kawo ruwa, ba ta ƙara wa kowa awo. Yana da amsa a ƙirjinsa, tana nan da nauyinta, amma duk sanda ya buɗe baki sai ta ƙi zama magana. Ya ce kawai, “In sani, Malam. In sani da hannuna.” Malam ya ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake yi wa marar lafiya sannu. Mushe ya kwana biyu bai fito shayi ba.

Ido kuwa bai tsaya jiran kowa ba. Na hagu ya rufe ruf, na dama yana gani kamar ta cikin ruwan koko. Sandunan da yake zanawa suka ƙara tsawo, har rabawa guda takan cinye masa inuwar bedin duka ta fita rana.

Cikin 'ya'yansa wadda ta tsaya a kan maganar ita ce Zuliha, ungozoma a wata likita, wato asibiti, cikin gari. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka bai taɓa kiranta da shi ba, Uwata yake ce mata, kuma ita kaɗai ce a gidan take iya kallon idonsa ta musa masa. Ta samo masa layi wurin likitan ido, ya ce sai bayan salla. Ta sake samowa, ya ce sai zafi ya sauka. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Wansa an taɓa yi masa aikin ido, ya shiga yana ganin inuwa ya fito ba ya ganin komai. Mushe ya ƙudurta a ransa cewa ɗan hasken da ya rage ba zai yi caca da shi ba sai ya gama da lambar nan.

Wata ranar bazara, hadari yana ta haɗuwa gabas yana watsewa, Zuliha ta sauka daga kabu-kabu bayan la'asar, ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta tarar da shi yana laluben karansa a ƙasa, ga shi kuwa a gaban gwiwarsa. Ta tsaya tana kallo har ya samu. Sannan ta durƙusa ta gaishe shi ta ce, “Baba, likita ya ce in na dama ya bi na hagu, aikin zai yi wuya. Jibi za su yi ma mutane. Na sa sunanka.”

“Ki cire, Uwata. Sai na gama.”

“Yaushe za ka gama?”

Da mai wayo ne da ya ce mata bayan damina. Amma Mushe Jibo bai iya ƙarya a kan lamba ba. Ya ce, “Ina iya gamawa gobe. In kuwa Gagara-rabo ce, sai na kai miliyan ɗari da biyar kahin in tabbata.”

“Yanzu kana ina?”

“Na wuce miliyan biyu.”

Zuliha ɗiyar malamin lissafi ce, ba ta buƙaci rairayi ba. Shekara goma sha uku, miliyan biyu. Ta ce, “Baba, ko an ara maka ran mutum goma ba ka kaiwa. Garin neman gira za ka rasa ido hwa.”

“Idona ne.”

“Mu za mu ja ka.”

Maganar ta shige shi. Ya sunkuya ya ci gaba da zanensa, wanda a wurinsa shi ne an rufe zance. Bai ga ta ciro salula ba, idon ba ya kaiwa can. Ya dai ji shirun ya yi yawa, irin shirun da ɗan aji kan yi in yana shirya ɓarna. Ya ɗago.

Ta san dokar. Tana nan ranar da aka kafa ta. Duk da haka ta ce, “Tana rabuwa, Baba. Biyu, sihiri, bakwai, ɗaya, bakwai, biyu, ukku.”

Ya saki kara ya toshe kunnuwa da hannu biyu, yana cewa a'a, a'a, kamar wanda ake zuba wa ruwan zafi. Ihu bayan hari. Kan da ya shekara hamsin yana cafke lamba a iska ba zai saki guda bakwai ba. Sun riga sun shiga sun zauna: miliyan biyu da dubu saba'in da ɗaya da ɗari bakwai da ashirin da uku. Kafin ya hana kansa, kan ya cire mata ɗaya ya gwada ta da talatin da huɗu. Ta rabu.

Bai yi faɗa ba. Tsahara da ta jiyo a'a ɗin ta fito da muciya a hannu, ta tsaya bakin ƙofa. Mushe ya lallaba ya ɗauki karansa, ya share rairayin da tafin hannu har ya yi sumul, ya jera ɗayansa goma sha bakwai, ya zana lambar a gefe, ya fara rabawa. Tunda yake bai taɓa roƙon Allah lissafi ya ƙi fita ba sai ranar. Na'ura ma ai mutum ya yi ta, tana iya kuskure. Ya sauko da ɗaya, ya ninka, ya cire. Ya sauko da wata. Bai yi gaggawa ba, bai kuma tsallake komai ba. Layin ya fita daga inuwa, ya bi shi da gwiwa. Da ya sauko da ɗayan ƙarshe, ya ninka da bakwai, ya cire, babu abin da ya rage. Ya zana sifirin. Ya zauna daɓas a gabansa.

Ashe lambobi biyu ne kacal suka haife ta, wannan da wata mai gida goma, biyun duka Gagara-rabo, kamar yadda salular ta nuna. Abu ne mai kyau ƙwarai. Ya ga kyawun, kuma ko kaɗan bai ji daɗinsa ba. Ji ya yi kamar an kai shi Makka yana barci an dawo da shi.

Zuliha ta matso ta ce a hankali, “Ka gani, Baba? Ka gama. Yanzu sai ido.”

Ya ce, “Uwata, tashi ki karanta mani abin da ke saman ƙyauren can.”

Ta tashi ta je ta ɗaga kai. Ta fara karantawa da ƙarfi, miliyan biyu da dubu sittin da takwas, sai ta tsaya. Ta sake duba salular, ta sake duba allin. Ba ta sani ba. Da ta ji ya ce ya wuce miliyan biyu, ba ta tambayi da nawa ba. Shi ma ai bai san ya iso bakin ƙofa ba, babu yadda zai sani.

“Kahin gero shi kai gwiwa da na iske ta,” in ji shi. “Da ƙahwata.”

Ta dawo ta durƙusa a rairayin da farar rigarta, tana kuka tana cewa ya yafe mata. Yana so ya yi ihu, yana so ya jefar da karan, ya tsine wa salula da wanda ya ƙera ta. Amma wa zai yi wa? Yarinyar nan idonsa take so, kuma lissafinta daidai ne, da shi ne a matsayinta abin da hankali zai ba shi kenan. Baƙin cikin ya rasa inda zai sauka, ya koma ciki. Ya ɗora mata hannu a ka, rairayi yana zuba a kallabinta.

Ya ce, “Allah shi yi maki albarka. Bar sunan, jibi mu tahi.”

Aikin ya yi kyau, ido biyun duka. Yanzu Mushe Jibo yana hango mai tallar goro tun daga bakin kwalta, yana karanta ƙananan rubutun jikin kwalin magani ba tabarau. Tsoffin ɗalibansa da suka zo barka suka ce to sai a kama ɗaya goma sha tara, har wani ya kawo masa katan ɗin alli. Ya yi godiya. Yana nan gindin bedi safe da yamma, hannuwansa bisa gwiwa, allin kuwa Tsahara ta rabar wa 'yan lakwal ɗin layi.